Wa ya ci ribar sunan Knut, shi ko masu gidan zu?

Sabo Balin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya Asabar ruwan sama ya hana mu zuwa filin ƙwallo, sai na kwashi yara muka faɗa gidan tarihin halittu na nan Balin, babban birnin Jamus. Su dai ƙasusuwan dinoso suka je kallo. Muna cikin zagaye sai ga ni a gaban wani farin beyar irin na ƙasashen ƙanƙara, an ɗora fatarsa a kan gunki, an sa masa idanun gilashi. Na duba rubutun da ke jiki, ashe Knut ne. Na tsaya cak. 'Yata Hauwa ta ja rigata ta ce, "Baba, ka san shi ne?" A garin nan aka haife ta, shekararta tara, ba ta taɓa jin sunansa ba.

Ga wanda bai san labarin ba: an haife shi ranar 5 ga Disamba 2006 a gidan zu na Balin, su biyu, tagwaye. Uwarsu Tosca, wadda ta yi shekaru a hannun masu wasa da dabbobi na tsohuwar Jamus ta Gabas, ta ƙi su, ta bar su a kan dutse. Ɗayan ya mutu bayan kwana huɗu. Shi Knut, mai nauyin giram 810, ya yi kwana 44 a kwalba kamar bakwaini. Wani ma'aikaci mai suna Thomas Dörflein ya tare a wurinsa, ya shimfiɗa katifa, yana ba shi madara a fida dare da rana. Ranar 23 ga Maris 2007 aka fito da shi bainar jama'a, 'yan jarida kusan 400 suka hallara. Ni kaina na bi layi a watan Afrilu, na fi awa biyu a tsaye don kallon 'yan mintuna. Alawa mai siffarsa, 'yar tsana, waƙoƙi, har kan sarki an buga da hotonsa. Ministan muhalli na lokacin, Sigmar Gabriel, ya zama uban goyonsa.

Ranar 19 ga Maris 2011 ya yanke jiki ya faɗa tafkinsa, ya nitse a gaban ɗaruruwan 'yan kallo. Shekararsa huɗu.

Tun jiya abin ke cina. Wannan suna da ya yi, ya tsinana masa wani abu kuwa? Kuma tun farko ma, ya dace a tsare irin wannan dabba a tsakiyar gari?

Auwalu Fagge: Wa'alaikumus salam. Yaya Sabo, mu muna nan muna lissafin kwanon masara, kai kana can kana zaman makokin wani ƙaton kare mai farin gashi. Allah ya ba mu irin matsalarku. Wai ma me ake ce masa da Hausa?

Malam Isuhu Damagaram: Larabawa suna cewa dubbu. Mu ba mu da shi a dajinmu, shi ya sa ba mu raɗa masa suna ba. A bar shi a beyar ɗin, kowa ya gane. Kai kuma Auwalu, tausayin dabba ba ya rage wa kwanon masararka komai.

Hajiya Ladidi: Sabo, ai kakanninmu sun riga sun amsa maka: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Muna yara idan gardawa suka shigo unguwa da kura a takunkumi, mu muna ihu muna murna, su suna tara kwabbai, ita kuma tana haki a rana. Banbancin kawai, na Jamus gardinsa yana da ofis da akanta. Nawa suka samu a kansa?

Sabo Balin: Hajiya, an ƙiyasta ƙarin yuro miliyan 5 a shekarar 2007 kaɗai. Masu shiga sun ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, suka haura miliyan 3, shekarar da ta fi kowace kawo riba tun buɗe gidan a 1844. Har rajistar sunansa suka yi kamar alamar kamfani, kuma farashin hannun jarin gidan ya ninka. Abin da zai ba ki dariya ma, uban Knut, Lars, aro ne daga wani gidan zu na garin Neumünster. Da suka ga kuɗi na zuba sai suka ce ai ɗan fari nasu ne bisa yarjejeniya, suka kai ƙara. A 2009 Balin ta biya su yuro 430,000 aka rabu. Rigimar gado sak, mai dukiyar yana raye yana kallo.

Zainabu Tudun Wada: Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, tunda na yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin labarai. Mutane suna zaton kyan Knut ne ya sa duniya ta san shi. Kyau ya taimaka, amma rigima ce ta ɗaga shi. Ana dab da fito da shi, jaridar Bild ta ɗauko maganar wani mai fafutukar kare dabbobi, Frank Albrecht, ta buga cewa ya ce gara a kashe jaririn da a ce mutum ya rene shi. Nan take ƙasa ta ɗau zafi, yara suka fito da kwalaye a ƙofar zu suna roƙon a bar shi da rai. Daga baya mutumin ya ce an yanke masa magana, shi misali yake kawowa da wani ɗan beyar da aka kashe a gidan zu na Leipzig bayan uwarsa ta ƙi shi. Wa ya saurari gyaran? Ba kowa. Kuma babu ranar da gidan zu na Balin ya yi niyyar kashe shi.

Ku duba kayan miyar da edita ya samu a tukunya ɗaya: maraya, uwa mai ƙin ɗanta, namiji mai gemu yana raino, ga mugu yana cewa a kashe. Ƙari a kan haka, 2007 ita ce shekarar da maganar ɗumamar yanayi ta cika duniya, har kyautar Nobel aka ba tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana neman fuskar da za a manna wa labarin narkewar ƙanƙara, sai ga ta a cikin fida. Mujallar Vanity Fair ta haɗa hotonsa da na ɗan wasan fim Leonardo DiCaprio a bangonta. Dabbar da ba ta taɓa taka ƙanƙarar teku ba ta zama jakadiyar ƙanƙarar teku.

Auwalu Fagge: To Anti Zainabu kun kashe shi ke nan, ku da kyamarorinku. Shi ke nan an gama shari'a.

Dakta Rabi: A'a Auwalu, nan dole in taka maka birki. Kyamara ba ta kashe Knut ba, kuma ba baƙin ciki ne ya kashe shi ba kamar yadda aka yi ta yaɗawa a lokacin. Da aka buɗe gawarsa an tarar da kumburin ƙwaƙwalwa. Shi ya jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya, ya faɗa ruwa. Aka yi ta neman ƙwayar cutar da ta haddasa kumburin, ba a samu ba. Sai daga baya wani likitan ƙwaƙwalwar mutane a Balin, Harald Prüss, ya karanta rahoton ya ga ya yi kama da abin da yake gani a marasa lafiyarsa. Suka gwada ruwan ƙwaƙwalwar da aka adana tare da masanan cibiyar Leibniz, aka tabbatar a 2015: garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa, a wani sashe da ake kira NMDA. Ko a mutane sai a 2007 aka gano wannan ciwo, kuma Knut ne dabba ta farko da aka tabbatar da shi a jikinta. Da a dajin ƙanƙara yake, ciwon zai iya kama shi haka nan.

Na faɗi wannan ne don idan za mu tuhumi gidajen zu, mu tuhume su da laifin da suka yi. Kuma akwai shi, ba sai mun ƙirƙira ba.

Hajiya Ladidi: To Dakta, zayyano mana. Mu dai abin da ido ya gani muke faɗa.

Dakta Rabi: Hajiya, matsalar tana cikin halittar dabbar. Beyar ƙanƙara matafiyi ne. Abincinsa sil, wata dabbar teku mai kitse, kuma a kan ƙanƙarar da ke yawo bisa teku yake farautarta, don haka kullum yana kan hanya. An taɓa sa wa wata mace na'ura a wuya a arewacin Alaska, ta yi iyo na kilomita 687 cikin kwana tara ba hutawa. Ya fi Kano zuwa Abuja nisa, a cikin ruwan da zai daskarar da mutum.

A 2003 wasu masana biyu na jami'ar Oxford, Ros Clubb da Georgia Mason, suka tattara bayanan namun daji masu cin nama da ke tsare. Abin da suka gano: gwargwadon faɗin yankin da dabba ke yawo a daji, gwargwadon wahalarta a keji. Beyar ƙanƙara yana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Filin da aka saba ba shi a zu bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na mafi ƙanƙantar yankinsa na daji ba. Kusan rubu'in yininsa yana ƙarewa a safa da marwa, taku iri ɗaya, juyi a wuri ɗaya, kaɗa kai iri ɗaya. Jariran da ake haifa a tsare kuwa kusan 65 cikin ɗari ba sa rayuwa.

Na taɓa tsayawa a wani gidan zu a Turai, ba zan kama suna ba, na ga wata tana yin taku bakwai ta juya, taku bakwai ta juya. Har ta shafe gansakukar da ke kan simintin, sawunta ya fito kamar turbar tururuwa. Mutanen da ke gefena suna cewa rawa take yi.

Malam Isuhu Damagaram: Subhanallahi. Kamar ka kama madugun da ya saba jan azalai daga Agadas zuwa Bilma, ka kulle shi a shago, kana ba shi tuwo sau uku, ka ce ai ba abin da ya rasa.

Bashir Winnipeg: Jama'a ku yi haƙuri, zan zama saniyar ware. Ni a lardin Manitoba na Kanada nake, kuma a nan beyar ba hoto ba ne, maƙwabci ne. A garin Churchill da ke bakin tekun Hudson, duk kaka suna taruwa suna jiran ruwa ya daskare, suna shiga gari neman abinci, har gidan kaso aka gina musu inda ake tsare masu taurin kai kafin a ɗauke su da jirgi mai saukar ungulu. Wani lokaci uwa ta mutu ta bar ɗan da bai kai shekara ba. A daji ɗa yana bin uwarsa fiye da shekara biyu kafin ya iya farauta. Wannan marayan zaɓinsa biyu ne: yunwa ko gidan zu na Assiniboine da ke nan Winnipeg. Dakta, ke za ki ce a bar shi ya mutu?

Sannan dajin da kuke yabo ba aljanna ba ne. Jarirai da yawa ba sa kai shekara ɗaya a can ma. Manya kan mutu tsakanin shekara 15 zuwa 18. A nan Winnipeg akwai wata mai suna Debby da ta haura shekara 40 kafin ta mutu a 2008. Inuka na Singafo, wanda aka haifa a ƙasar zafi a 1990, ya kai 27. Idan azaba ce zalla, ta yaya suke daɗewa haka?

Dakta Rabi: Injiniya, kan maraya ba mu da saɓani. A ɗauke shi, a ba shi fili mai faɗi da ƙasa da ciyawa da ruwa mai zurfi, a garin da sanyinsa ya dace da shi. Wannan ceto ne. Amma Knut ba daga daji aka tsinto shi ba. Da gangan aka haɗa iyayensa don a samu jariri, kuma mun ji daga bakin Yaya Sabo abin da jariri ke kawowa.

Tsawon rai kuwa, ka sani ɗan fursuna ma yana tsufa. Likita da abinci a kan kari suna tsawaita kwana, ba su nuna yadda kwanan ya wuce. Shi Inuka da ka ambata, a 2004 gashinsa ya koma kore saboda gansakuka ta tsiro a cikin ramin gashin, don zafi da laima. Kuma gidan zu na Singafo da kansa ya ce daga shi ba zai ƙara ajiye irinsa ba.

Bashir Winnipeg: To batun kare iri fa? Ƙiyasin masana kusan 26,000 suka rage a duniya, a Kanada da Alaska da Rasha da Norwe da Girinlan. Ƙanƙara tana ja da baya. Ba gara a sami wasu a ajiye ba ko da ta ɓaci?

Dakta Rabi: A ajiye don a mayar da su ina? Akwai dabbobin da gidajen zu suka ceto da gaske, kamar farar barewar Larabawa da ta ƙare a daji aka sake sakinta a Oman. Ita ciyawa take ci, kuma saharar tana nan tana jiranta. Beyar da aka haifa a siminti bai san yadda ake kwanton sil a bakin rami ba, kuma ya saba ganin mutum da bokitin abinci, sakinsa haɗari ne. Babu wani shirin mayar da su. Ba haihuwa ce ta gagare su a daji ba, ƙasar ce ke narkewa a ƙarƙashin ƙafarsu.

Kuma ko ajiyar irin ba ta tsira daga kuskure ba. Hertha, wadda aka haifa a ɗaya gidan zu na Balin a Disamba 2018 aka sa mata sunan ƙungiyar ƙwallo, a 2021 gwaji ya nuna uwarta da ubanta 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda an rikita takardu tun a Mosko.

Auwalu Fagge: Innalillahi. Har Turawa ma fayil yana ɓata musu? Na ji daɗi a raina wallahi.

Malam Isuhu Damagaram: Bari in ɗan sa baki ta fuskar addini, Allah ya sa kada in yi kuskure. Tsare dabba a kan kansa ba haramun ba ne. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sani bai hana ba, har yana tambayarsa labarin tsuntsun. Amma kowa ya san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Masu gidan zu za su ce mu ai muna ciyarwa. To sai mu tuna da wani hadisin, inda sahabbai suka ɗauke wa tsuntsuwa 'ya'yanta biyu tana ta shawagi a kansu, ya ce wa ya tayar wa wannan hankali, ku mayar mata da 'ya'yanta. Ba yunwa ke damunta ba. Ashe tashin hankalin dabba abin lissafi ne. Idan Dakta ta ce safa da marwar nan alamar damuwa ce, to wanda ya kulle yana da tambayar da zai amsa, ko da kifi ya cika mata ciki.

Hajiya Ladidi: Allah ya gafarta Malam, ka gama magana. Sabo, ni abin da nake so in ji, bayan ya girma fa? Jariri kowa na so. Da ya zama ƙato me ya faru?

Sabo Balin: Hajiya, nan ne abin ya fi taɓa ni. Wata huɗu kacal aka yi ana wasan nan na sau biyu a rana shi da Dörflein. A Yuli 2007 aka dakatar, don ya fara ƙarfin da zai iya ji wa mutum rauni, daga baya aka hana ma'aikata shiga wurinsa gaba ɗaya. Ka tuna wannan dabba ce da ta buɗe ido ta ga mutum, ta saba da tafi da ihu daga safe zuwa yamma. Jaridun da suka kira shi kyakkyawa su ne suka koma buga cewa ya yi ƙiba, ya yi datti, ya zama mai taɓin hankali. Wani mai kula da shi ya shaida wa jarida cewa idan babu 'yan kallo kuka yake yi. Ranar 22 ga Satumba 2008 Dörflein ya rasu da ciwon zuciya yana da shekara 44.

An kawo masa wata budurwa, Giovanna, daga Munich na ɗan lokaci, aka mayar da ita. A ƙarshe aka haɗa shi da manyan mata uku, har da uwar tasa da ta ƙi shi, aka yi ta ganin hotuna suna korarsa yana rakuɓe a gefen dutse. Na koma sau ɗaya a 2010. Ba layi. Na tsaya a gaban gilashin yadda na ga dama.

Zainabu Tudun Wada: Kuma kafin nan ai mun riga mun sami sabuwar amarya. A Disamba 2007 aka haifi Flocke a Nuremberg, ita ma aka raba ta da uwarta aka shayar da ita a fida, kyamarori suka kwashe suka koma can. A watan nan dai aka haifi wani a Stuttgart, Wilbär, uwarsa ta rene shi da kanta lafiya lau. Nawa ne a cikinku suka taɓa jin sunansa? Wanda rayuwarsa ta tafi daidai ba labari ba ne. Wannan ita ce sana'ar da na yi, ba na ɓoyewa.

Yau ma abin bai canza ba, sai dai ya bar jarida ya koma waya. Ku tuna Moo Deng, 'yar ƙaramar dorinar nan da aka haifa a Tailan a Yuli 2024. Mutane suka cika gidan zu na Khao Kheow, wasu suna watsa mata ruwa suna jifanta don ta farka su ɗauki bidiyo, sai da aka ƙayyade wa kowa minti biyar. Irin wannan dorina 'yar Afirka ta Yamma ce, Laberiya da Saliyo da Gini da Kodebuwa, kuma waɗanda suka rage a daji ba su kai 3,000 ba. Miliyoyin da suka yi ta tura hotonta, nawa ne suka san daga ina kakanninta suka fito?

Mafi muni Freya, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure da ta shigo gaɓar Oslo a 2022 tana hawa kwale-kwalen mutane tana barci. An yi ta roƙon jama'a su ja baya, suka ƙi, har da masu kai yara kusa don hoto. A Agusta hukuma ta harbe ta. Ita kam suna ne ya kashe ta kai tsaye.

Auwalu Fagge: Mu ma ai mun yi namu tauraron. 2019, goggon birin gidan zu na Kano da aka ce ya haɗiye kusan naira miliyan 7. Har kafafen waje suka ɗauka. Sai gwamna ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Namu ya fi Knut, shi ya yi suna ba tare da an haife shi ba.

Hajiya Ladidi: Kai Auwalu, Allah ya shirye ka. Na yi dariya har jikata ta leƙo.

Bashir Winnipeg: Anti Zainabu, kin yi wa sana'arki adalci fiye da kima, har kin zalunce ta. Hayaniyar nan wani lokaci ita ce kaɗai gatan dabbar. Gus, beyar ƙanƙara na gidan zu na Central Park a Niyok, a 1994 aka lura yana iyo yana zagaye iri ɗaya har awa 12 a rana. Da jarida ba ta yi ca a kai ba, da wa zai kashe dala 25,000 a kira masanin halayyar dabbobi? Aka fara ɓoye masa abinci a cikin ƙanƙara don ya sha wuyar nema, aka gyara wurin, har maganin damuwa na Prozac aka ba shi, abin ya ragu sosai. Pizza kuma, wata beyar da aka ajiye a cikin kantin zamani a Guangzhou na ƙasar Sin ana ɗaukar hoto da ita, surutun duniya ne ya sa aka fitar da ita a 2016. Su kuma wurare irin na Yorkshire a Ingila, da suka ware eka goma da tafkuna, ai kuɗin ƙofa ne ya gina su. Can Flocke ɗin taki ta koma a 2021 da 'ya'yanta uku.

Zainabu Tudun Wada: Na karɓi Gus, na karɓi Pizza. Amma ka lura, sai dabba ta zama "mafi baƙin ciki a duniya" ko "mafi kyau a duniya" muke juyowa. Kuma juyowar ba kullum take kai wa ga gaci ba. Arturo, beyar gidan zu na Mendoza a Ajantina, inda zafi ke kai maki 40, dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a kai shi garinku Winnipeg. Likitoci suka ce ya tsufa, ba zai jure allurar barci da doguwar tafiya ba. A nan ya mutu a Yuli 2016. Shekara ashirin da wani abu yana wurin, ba mu gan shi ba sai da lokaci ya ƙure. Wang na Johannesburg, na ƙarshe a nahiyarmu, shi ma sai da abokiyar zamansa ta mutu a farkon 2014 ya shiga labarai, ya bi ta a Agusta. Tsakanin jariri mai kyau da tsoho mai ban tausayi akwai shekara ashirin ko talatin na taku bakwai a juya, kuma wannan tsakiyar ba edita da zai saya.

Bashir Winnipeg: Wannan kam ba ni da ja. Amma har yanzu ina kan bakana cewa a gyara, ba a rufe ba.

Dakta Rabi: Ni ma ban ce a buɗe ƙofa a kore su ba, Injiniya. Waɗanda ke hannu a tattara su a 'yan wurare masu faɗi a ƙasashen sanyi, a karɓi marayu, a daina haihuwar don ƙofa. Inda za mu ci gaba da rigima da kai shi ne wannan na ƙarshen.

Bashir Winnipeg: Za mu ci gaba kuwa. In an daina haihuwa, nan da shekara talatin yaron Balin ko na Kano sai dai ya gan shi a waya, kuma Anti ta gama nuna mana abin da waya ke yi.

Sabo Balin: To ga wata sabuwa. Hauwa ta ga ina ta danna waya, na ba ta labarin, yanzu ta kafe sai na kai ta ta ga mai rai. In kai ta ko kada in kai ta? Na rasa ta cewa, don ni ma ina cikin waɗanda suka bi layin 2007.

Malam Isuhu Damagaram: Kai ta mana. Gani ya kori ji. Sai dai kada ka ce mata rawa yake yi.

Dakta Rabi: Kai ta, Yaya Sabo, amma ba ranar Lahadi ba, kuma ba lokacin ba da abinci ba. Ku je da safe ranar aiki idan an yi hutun makaranta. Ka ba ta agogo da takarda, ku zauna rabin awa cur a wuri ɗaya. Duk minti ɗaya ta rubuta abin da yake yi: barci, iyo, tono, shinshina, ko safa da marwa. Ta duba ko ƙasa ce a ƙarƙashinsa ko siminti, ko yana da inda zai ɓuya idan ya gaji da idon mutane. Ka ɗauko mana hoton takardar ka turo nan.

Auwalu Fagge: In za ka turo, Yaya, ka haɗo da kuɗin tikitin mu gani. Ina so in auna shi da kwanon masara.

Sabo Balin: Hutu sai mako mai zuwa. Zan turo duka biyun in sha Allahu.